Jakar Goyo, Jakar Karatu

'Yan uwana ɗalibai mata, musamman masu goyo irina, yau kan jaka nake son mu ɗan tattauna. Wadda ake ratayawa a ɗaya kafaɗar nake nufi, ta kayan jariri.

Ni 'yar Ajingi ce, aure ya kai ni Gaya, karatu kuma ya kawo ni Kano. Kusan duk ƙarshen mako ina kan hanya da 'yata mai wata 7: Kano zuwa Wudil, Wudil zuwa Gaya, wani lokacin in zarce Ajingi gaida Inna. Duk wanda ya taɓa ratsa Wudil ranar Juma'a, ranar da kara take ci, ya san yadda mota kan tsaya cak. Ga matsi, ga zafi, yarinya ta ɓata jikinta, ina za ki samu wurin zazzage jaka?

Shi ya sa nake shirya ta hawa-hawa, tun da dare. A can ƙasa kayan canji kala biyu, da zanin goyo na biyu da majanyi. A tsakiya fampas, basilin da tawul ƙarami. A sama kuma abin da hannu zai lalubo ba sai na duba ba: tsumma, gorar ruwa, da ledoji na ƙulle abin da ya ɓaci. Aljihun gefe na katin rigakafi ne, a naɗe cikin leda. Allurar ƙyanda tana jiranmu a wata 9, ban san a garin da ranar za ta same ni ba. Kusa da shi akwai ƙullin ORS, saboda gudawa ba ta sallama. Da hunturu in ƙara hula da safa, da bazara mafici.

Inna takan yi min dariya. "Ke wannan kaya kamar mai tafiya Makka? Mu da zani ɗaya da tsumma muka goya ku." Gaskiyarta, amma ai ita ba ta zauna lacca ta awa biyu da goyo a baya ba. Duk da haka dabararta ce ke cetona in kuɗi sun yanke: tsofaffin zannuwanta ta yayyaga min, fampas sai tafiya, a gida tsumma.

Wallahi na ga wadda ta ajiye karatu, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Kunyar ficewa daga aji kullum da yaro yana tsala kuka ce ta kore ta. Jaka mai tsari tana rage rabin wannan wahala.

Sauran rabin kuwa ya fi ƙarfin jaka. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta nema mana ɗaki ɗaya, ko ƙarami ne, mai tabarma da ruwa, inda uwa za ta shayar ta canza wa ɗanta cikin sutura, ta koma aji a kan lokaci.