Rumbun da Ba a Ganin Ƙyaurensa

Abin nan da 'yan boko ke kira "gajimare" ba a sama yake ba. Kwamfuta ce ta wani kamfani a wata ƙasa, mutum ya yi hayarta kamar shago a kasuwar Dutsin-Ma, sai dai ba zai taɓa ganin ƙyaurenta ba. A irin wannan rumbu muka zuba muryoyin tsofaffin Dabawa da muka naɗa, wato tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daɓe. Biyu daga cikin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya, wayar da aka naɗe su da ita kuwa ta lalace.

Hanyar shiga ana ce mata SSH. Wani mutumin Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙago ta a 1995, ƙofarta kuwa mai lamba 22 ce. Ana shiga da kalmar sirri, ko da tagwayen mabuɗi, ɗaya a rumbun, ɗaya a hannunka.

To, wani abokin aikinmu, don gudun ɓarayi, sai ya hana shiga da kalmar sirri, alhali bai ajiye mabuɗi a ciki ba tukuna. Fitarsa ke da wuya, ƙofa ta rufe da kowa. Ina hutu a Dabawa labari ya iske ni, daren nan ban runtsa ba.

Amma duk ɗan ƙauye ya san rumbun ƙasa ta ka ake shigarsa. Haka nan kamfanin yana da wata tagar gaggawa a shafinsa, wadda ba ta bi ta ƙofa 22. Da safe na hau babur zuwa Dutsin-Ma inda layi ya fi ƙarfi, na leƙa tagar, tsohuwar kalmar sirri ta karɓa, don hanin ga SSH kaɗai yake. Na buɗe takardar dokoki mai suna sshd_config, na mai da kalma guda daga "a'a" zuwa "i", na sake tayar da aikin. Kai jama'a, kalma guda! Daga nan na ajiye mabuɗi, na gwada shi sau biyu kafin in mai da hanin.

Ran nan na kwafe muryoyin gida biyu, ɗaya na sashenmu, ɗaya na Dabawa, domin mu da aka katse wa layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi cikin Satumba 2021, mun san ko ƙofa na buɗe hanyar na iya yankewa.