Fitsara Daga Ƙasa, Wulaƙanci Daga Sama

A kasuwar hatsi ta Dandume, kusa da Funtuwa, wani saurayi ya kai masararsa da kaka. Dillali ya yi mata tayin banza, ya watsa masa kuɗi bisa buhu. Saurayin ya dube shi ido cikin ido, ya ce, "Alhaji, kwashe kuɗinka." Nan take 'yan kallo suka ce yaron fitsararre ne. Dattijo ɗaya kaɗai ya ce Alhaji ne ya fara wulaƙanci.

Saɓanin nasu ya nuna yadda Hausa ke raba kalmomin rashin ɗa'a bisa matsayi. Fitsara, tsiwa, tsaurin ido da rashin kunya laifin na ƙasa ne ga na sama: ɗa ga uba, amarya ga uwar miji, ɗan ƙwadago ga mai gona. Wulaƙanci kuwa galibi daga mai hali yake gangarowa. Da wuya a ji an kira attajiri mai tsiwa.

A 1974 Kirk-Greene ya lissafa kunya, ladabi da mutunci cikin siffofin mutumin kirki. Sai dai nauyinsu bai rabu daidai ba. A ƙauyukan Malumfashi, budurwar da aka laƙaba wa fitsara tana iya rasa manemi, alhali mai wulaƙanta talaka ana gaishe shi a durƙushe.

Saurayin ya koma gida da masararsa, da kuma sunan da ya riga shi isa ƙauye.