Sunan da Ba Mu Samu a Littafin Baftisma Ba

Karatu: Farawa 21:8-21, Matiyu 1:1-17, Luka 10:17-20



Mu huɗu ne muka haɗu muka rubuta wannan shaida, maza biyu mata biyu, dukanmu jikokin mace ɗaya. Da yawa cikinku sun san Kakarmu, tsohuwar nan da take zama a benci na biyu wajen zumuntar mata, wadda ba ta riƙe littafin waƙa amma babu baitin da yake kuɓuce mata. Da izininta muke ba da wannan labari. Sharaɗi ɗaya ta kafa mana, kada mu ambaci sunan kowa, kuma mun kiyaye.

Za ku tuna a makon matasa da ya wuce an ba kowa aikin gida: ya je ya binciko yadda bishara ta shigo gidansu. Mu kam mun ɗauka aikinmu ya fi na kowa sauƙi. Tun muna yara a nan Rigachikun muke jin wani kawunmu yana cewa asalinmu Wusasa ne, wai mahaifin Kaka yana cikin Hausawan farko da suka karɓi bishara a ƙasar Zazzau. Mun sha yin taƙama da wannan magana a gaban abokai. Babu wanda ya taɓa tambayarmu hujja, mu ma ba mu taɓa nema ba.

Da muka je wurin Kaka da biro da takarda, ta ba mu labarin mahaifinta har da kwaikwayon muryarsa. Amma da ƙaramarmu ta ce, "Kaka, mamarki fa?" sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ke kishiya, a bar kaza cikin gashinta." Muka yi dariya muka wuce. Daga baya ne muka lura ashe duk cikinmu babu wanda ya san sunan matar da ta haife ta. Ga shi kuma tun rashin lafiyar da ta yi bara, mantuwa ta fara kama ta, wani lokaci takan kira ɗayanmu da sunan ɗan'uwansa. Muka ga in ba mu tashi yanzu ba, wata rana za mu nemi mai ba mu labari mu rasa.

Wata Asabar da sassafe muka tsaya a bakin titi muka shiga motar Zariya, muka wuce Maraban Jos da Jaji, muka sauka Wusasa. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya daure ya je. Majami'ar St. Bartholomew tana nan tsaye, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, tun 1929, shekarar da mishan ta CMS ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma can gefen dutsen Kufena. A can muka ƙara jin tarihin Dakta Walter Miller, likitan da ya zauna a Zariya tun 1905, ya kuma yi aiki tuƙuru a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Muka ji labarin Isawa, mabiyan Malam Ibrahim na Kano, wanda aka kashe a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, da yadda wasu daga zuriyarsu suka nemi Dakta Miller, aka kafa musu mazauni a Gimi, har ciwon barci ya cinye mutane da yawa a wurin. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Daga wannan al'umma aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa.

Muna jin wannan duka kanmu yana ƙara girma, muna cewa a zuci ai namu ne. Aka karɓe mu da mutunci, aka saurare mu. Amma da muka faɗi sunan kakan-kakanmu da sunan ubansa, dattawan da muka tambaya babu wanda ya san gidan. Wani tsoho ya tambaye mu inda Kaka ta yi ƙuruciya. Da muka faɗa masa, ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, ku je can ku tambaya. Ina jin ku jikokin Maguzawa ne." A hanyar dawowa babu mai magana a cikinmu. Gaskiya ba mu ji daɗi ba, kuma rashin jin daɗin nan shi ne abu na farko da Ubangiji ya tona a zuciyarmu: ashe girman gida muka fita nema.

Bayan mako biyu muka tafi ƙauyen, can ƙasar Ikara, da mota sannan da babur. Baba Fasto na wurin ya shigar da mu ɗakinsa ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai littafin baftisma na farko na ikkilisiyar, bangonsa ya rabu, gara ta ci gefen shafukan farko. Ya ce mana a Ingila tun 1538 aka ba da doka kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, shi ya sa Bature zai iya zuwa ƙauyen kakanninsa ya bi sawunsu shekara ɗaruruwa. "Mu kuwa," in ji shi, "littafi ɗaya ne, ga shi muna rabawa da gara."

Muka zauna a tabarma muna buɗa shafi a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Kowane layi da lamba, da suna, da sunan iyaye, da rana, da wanda ya yi baftismar. A shafi na uku muka same shi, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai. Sunansa na gargajiya yana nan, irin sunayen nan da Maguzawa suke raɗa wa yaro bisa lokacin da aka haife shi, ga kuma sabon sunansa na Littafi Mai Tsarki a gefe. Ƙarƙashinsa sunan matarsa, rana ɗaya aka yi musu baftisma. Muka yi murna muka ce mun sami mahaifiyar Kaka. Muka ci gaba da buɗawa har muka kai layin Kaka, lokacin tana budurwa. Sunan uba yana nan. Wurin sunan uwa kuwa babu komai. Gara ba ta taɓa wurin ba, ba a dai rubuta ba ne.

Baba Fasto ya aika aka kira mana wani dattijo da ya fi kowa shekaru a ikkilisiyar. Ya zo yana dogara sanda, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna babbar yayarmu ya ce, "Wannan ai fuskarta ce." Sannan ya ba mu labarin da aka rufe a gidanmu fiye da shekara sittin.

Kakan-kakanmu mata biyu gare shi lokacin da mai bishara ya iso ƙauyen. Dukansu uku suka ba da gaskiya. Amma ƙa'idar lokacin ita ce ba a yi wa mai mata biyu baftisma sai ya zauna da ɗaya. Ya yi shekaru yana jinkiri, daga ƙarshe ya zauna da uwargida. Amaryar, wadda ita ce ta haifi Kaka, aka mai da ita gidan wanta a wata unguwa can ƙetaren rafi, aka riƙe yarinyar a gidan uba. Wan nata bai bar tsafi ba, ya kuma rantse muddin tana cin tuwon gidansa ba za ta shiga ruwan baftisma ba. Dattijon ya ce yana yaro yana ganinta kowace Lahadi, ta ƙetaro rafi, ta zauna a waje gindin taga don kada ta haɗa ido da gidan da ta bari. Daga nan ta haddace waƙoƙi. In an tashi sujada sai ta jira 'yarta a hanyar rijiya, ta gyara mata kitso, ta koya mata addu'a. Ta rasu wata damina kafin 'yar ta yi aure. Ba a rubuta ta a littafin baftisma ba, ba a rubuta ta a na jana'iza ba.

Ba mu ɓoye muku ba, mun yi fushi. A kan babur muna dawowa ɗayanmu ya ce da ya sani da bai zo ba. Mun yi kwanaki muna gardama a tsakaninmu: laifin wa? Na mai bishara, ko na kakan-kakanmu, ko na wan nata? Da muka bincika muka ga ba ƙauyenmu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. A cocin Anglika alal misali, taron bishof-bishof na Lambeth a 1888 ya tsai da cewa kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Bayan shekara ɗari cif, a 1988, taron ya sake duba maganar, ya yarda a yi masa baftisma bisa wasu sharuɗɗa, ciki har da kada ya ƙara aure, ba tare da an tilasta masa korar matansa ba, saboda wahalar da matan suke shiga. Mun gaskata koyarwar Littafi Mai Tsarki a kan aure, miji ɗaya mace ɗaya. Mun kuma gaskata waɗanda suka kawo mana bishara sun yi da zuciya ɗaya, wasu har sun ba da ransu. Duk da haka wata mace ta biya farashin da ba a tambaye ta ba, kuma jininta ne yake gudu a jikinmu.

Da muka dawo Rigachikun muka sami Kaka a tsakar gida tana tsince wake. Babban cikinmu ya durƙusa ya ce, "Kaka, mun je gida. Mun ji labarin Inna." Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, "To maigida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Sai ta faɗi sunan mahaifiyarta, sau biyu, a hankali. Mamarmu da take tsaye a bakin ɗakin girki ta fashe da kuka, don ita ma ranar ta fara jin sunan. Kaka ta ce kunya ce ta hana ta faɗa, tun tana yarinya ake yi mata gori cewa ita 'yar korarriya ce, uwarta kuma ta mutu ba baftisma. Ta ce shekara da shekaru tana tambayar kanta ko za ta gan ta a sama.

Sai ta fara addu'ar nan da take yi mana kowane dare tun muna goye, wadda mu ma muke yi wa ƙannenmu. Ta ce, "Wannan a hanyar rijiya na koye ta." Nan jikinmu ya yi sanyi. Mun tafi Wusasa, mun tafi Ikara, muna neman inda bangaskiyar gidanmu ta fito, ashe tana bakinmu kowane dare.

A daren muka buɗe Littafi tare da ita. Muka karanta labarin Hajaratu, wadda aka sallama daga gidan Ibrahim da gurasa da salkar ruwa, Allah kuwa ya ji kukan ɗanta a jeji ya buɗe mata ido ta ga rijiya. Muka karanta asalin Yesu a Matiyu sura ta fari, muka ga Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya, matan da mai son taƙama da asali zai so ya tsallake, amma Ruhu Mai Tsarki ya sa aka rubuta su. A Ezra sura ta 2 akwai waɗanda suka nemi sunansu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist. Amma a Luka sura ta 10 Yesu ya nuna wa almajiransa cewa abin murna na gaske shi ne an rubuta sunayensu a sama. Ɓarawon da aka gicciye tare da shi ma babu wanda ya kai shi rafi, duk da haka ya sami alkawarin Firdausi. Baftisma umarnin Ubangiji ce, ba ma wasa da ita. Amma ceto ta wurin bangaskiya yake, Ubangiji kuma ya san nasa. Kaka ta share hawaye ta ce, "Ashe zan gan ta."

'Yan'uwa, ga roƙonmu gare ku. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, kada ku jira sai ranar jana'iza ku fara neman abin da za a karanta a tarihin mamaci. Ku zauna da su wannan makon. Wayar da muke ɓata dare a kanta tana iya ɗaukar muryarsu. Ku tambayi sunayen mata musamman, domin su ne aka fi mantawa: wa ta haifi kaka, daga wane gari, wa ya fara koya mata addu'a. In kun je ƙauye, ku nemi izinin fasto ku ɗauki hoton tsofaffin littattafan ikkilisiya kafin gara da ruwan sama su gama da su. Mu mun ɗauki na ƙauyenmu shafi-shafi, mun buga kwafi mun mayar wa Baba Fasto. In kuma kun tarar da abin da ba ku so, kada ku gudu. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a cikin kakarsa da mahaifiyarsa. Kowannenmu yana da irin waɗannan, ko an rubuta su ko ba a rubuta ba.

Mun daina cewa mu 'yan Wusasa ne. Mu jikokin matar gindin taga ne. Kaka da kanta ta sa aka rubuta sunan mahaifiyarta a shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gidanmu, ta dangwala yatsa a ƙarƙashi. Yayarmu kuma, da take jiran haihuwa bayan Kirsimeti, ta ce in mace ce an riga an sami suna.

Mu yi addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka riga mu bin ka cikin wahala, waɗanda muka sani da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka gafarta mana girman kai. Ka warkar da tsofaffin raunukan da suke ɓoye a gidajenmu. Ka ba mu kunnen sauraron iyayenmu tun suna da rai, ka kuma riƙe mu da aminci har mu sadu da su a gabanka. Cikin sunan Yesu. Amin.