Abin da na gani a Shamoni

Na fi shekara goma ina rubuta wa ƴan aji tsawon dutsen Mont Blanc a allo, mita 4,800 da ƴan kai, su kwafa a kaye, su hardace, su ba ni amsa ranar jarrabawa. Sai da wani horon malamai ya kai ni Faransa, wani abokin aiki ya ɗauke ni zuwa Shamoni a watan Yuni, sannan na san lamba kawai nake koyarwa.

Garin yana cikin kwari, a gindin dutsen, kusa da iyakar Italiya da Suwizalan. Da sanyi masu zamiya a kan dusar ƙanƙara ke cika shi, kuma a nan aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a 1924. Lokacin da na je kuwa, masu hawan dutse ne da igiyoyinsu, da masu yawon ƙafa da jakunkuna a baya. Mun shiga akwatin ƙarfe da ke tafiya a jikin waya, ya kai mu Aiguille du Midi, mita 3,842. Iskar can ba ta ƙosar da huhu. Taki goma na yi na tsaya ina haki kamar wanda ya yi tsere.

Washegari muka hau jan jirgin ƙasa zuwa Montenvers don ganin Mer de Glace, wato Tekun Ƙanƙara. Daga inda aka sauke mu, sai an bi ɗaruruwan matakai kafin a taɓa ƙanƙarar. An kafa alluna a jikin dutse, kowane da shekararsa, yana nuna inda ƙanƙarar ta kai a lokacin. Mun wuce allon 1990, muka yi ta gangarawa, ƙanƙara tana can ƙasa.

A nan na tarar da wata malama da ƴan firamare. Ba ta yi musu dogon bayani a kan ɗumamar yanayi ba. Cewa ta yi su ƙirga matakai daga wannan allo zuwa na gaba. Wata yarinya ta gama ƙirge, ta tambaya ko za ta tarar da saura idan ta girma. Malamar ta ce ta rubuta tambayar, su tattauna a aji.

Kunya ta kama ni. Ɗalibaina a Damagaram sun san sunan Mont Blanc, amma ban taɓa fita da su zuwa duwatsun da ke tsakiyar garinmu ba. Da yawansu ba su san Bagzan, a Ayar, yana da ƙololuwa mai mita 2,022 ba. Mu ma muna da allunanmu: dattijon da zai nuna inda tabki ke kaiwa da damina a ƙuruciyarsa, da rijiyar da aka ƙara wa igiya sau uku.

Da na dawo na nemi izinin fita da aji. Wasu iyaye suka ce sun turo ƴaƴansu lakwal ne, ba yawo ba. Ban ga laifinsu ba, akwai rana, akwai tsoron faɗuwa. Sai na roƙi biyu daga cikinsu su raka mu. Ɗaya daga cikinsu ne ya tsaya a bakin tabki yana nuna wa yaran inda yake iyo yana yaro. Yau gidaje ne a wurin. Yaran suka auna tazarar da taki, suka rubuta a kaye.