Tukunya ɗaya a Serdang

Duk malamin jami'ar da ya tashi daga Kaduna da mota zuwa filin jirgin saman Abuja sai ya ratsa Kakau, garinmu da ke kudancin kogin Kaduna, a ƙaramar hukumar Chikun. Ta wannan hanya da yawa daga cikinmu suka tafi Malesiya neman digirin digirgir, musamman bayan kafa asusun TETFund a 2011. Ni ma ina cikinsu. Shekara huɗu na yi a Jami'ar Putra da ke Serdang, kusa da Kuala Lumpur.

Rayuwar ɗalibi mai bincike a can ba ta da wani armashi. Daga asuba sai ɗakin gwaje-gwaje, kana jiran sakamakon da zai iya rushe aikin wata uku. Malamar da ke duba aikina 'yar ƙabilar Malay ce, mai kula da na'urori Ba'indiye, mai gidan da muke haya Basine, abokan tebur kuwa 'yan Iran da Yaman. Da la'asar ruwa ya tsuge. Da dare a tafi rumfar Musulmin Indiya, a ci gurasarsu mai laushi, a sha shayin madara da ake sheƙawa tamkar na mai shayin bakin tasha.

Tsadar haya da faɗuwar naira suka haɗa mu huɗu a gida ɗaya: Hausawa biyu, Bagwari ɗaya, da wani ɗan Bajju daga Zonkwa. Tukunyarmu ɗaya. Wanda duk ya dawo daga gida da kuka da daddawa, na kowa ne. Da azumi Kiristocin suka koma cin abincin rana a makaranta, ba tare da an roƙe su ba. Ranar Lahadi kuma motar da muka saya ta haɗin gwiwa tasu ce har su taso daga coci.

A Kaduna da wuya mu zama maƙwabta. Tun rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 kogin ya zama iyaka: yawancin Musulmi sun tattara a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci a Sabon Tasha da Television da Gonin Gora. Yaro kan girma a Kakau bai taɓa kwana a ƙetaren gada ba.

Kuala Lumpur ma ta ga jini. A ranar 13 ga Mayun 1969 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan Malay da Sinawa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Har gobe akwai ƙorafi kan fifikon da doka ta ba 'yan Malay, kuma wasu masu gidaje ba sa ba baƙar fata haya. Sai dai daga Masallacin Jamek, wanda aka buɗe a 1909 a mahaɗar kogunan Klang da Gombak, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa wurin bautar 'yan Hindu da na Sinawa. Ranar sallar kowace al'umma kuma akan buɗe gida, kowa ya shigo ya ci.

Mun dawo da takardun shaida, kowa ya koma ɓangarensa na kogi. Kuɗin jama'a ne suka kai mu, don haka akwai bashi a kanmu. Kaɗan daga cikin biyansa shi ne mu haɗa ɗan Rigasa da ɗan Gonin Gora a rukunin bincike ɗaya, mu tura su aikin fili tare, su kwana ɗaki ɗaya, su ci daga kwano ɗaya.