JAMBIYANI: ƘAUYEN DA MATA KE NOMA CIKIN TEKU

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga labarin wani ƙauye mai nisa. Sunansa Jambiyani. Yana cikin tsibirin Unguja, a ƙasar Tanzaniya, can gabashin Afirka. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ba a shiga, ba a fita, sai da jirgin ruwa ko jirgin sama.

Wanda ya san wahalar fari, in ya ji an ce ruwa ya kewaye gari, sai ya ce mutanen nan sun huta. Ba haka ba ne. Ruwan teku gishiri gare shi. Mutum ba ya shan shi, bisashe ba sa sha, shuka ma in an zuba mata sai ta ƙone. Mutanen Jambiyani suna da tasu wahalar, kuma suna da dabarunsu na neman cimaka.

Ina ne wurin?

Unguja da Pemba tsibirai biyu ne cikin Tekun Indiya. Su ake haɗawa a ce Zanzibar. Tsawon Unguja kamar kilomita 85 ne. A ƙidayar 2022 mutanen Zanzibar sun kusa miliyan 1 da dubu 900. Kusan dukansu Musulmi ne, harshensu Suwahili. A da sarakunan Larabawa ƴan asalin Oman ke mulkin wurin, daga baya Ingila ta ɗora hannu. A watan Janairu 1964 aka tuɓe sarki. A watan Afrilu na wannan shekara Zanzibar ta haɗu da Tanganyika, suka zama Tanzaniya. An san tsibiran nan da noman kanumfari, wannan da mata ke sa wa yaji da kunu.

Mai zuwa Jambiyani yakan shiga jirgin ruwa a birnin Darussalam. Bayan kamar awa biyu sai ya sauka birnin Zanzibar. Daga nan ya hau motar haya da suke kira daladala, ya nufi kudu maso gabas, tafiyar kamar kilomita 55. Da farko hanya na ratsa gonakin ayaba da mangwaro. Sai ta shiga kurmin Jozani, inda ake samun wani irin jan biri da ba a samun shi ko'ina a duniya sai Zanzibar. Bayan kurmin sai ƙasa ta sake. Manyan itatuwa su ragu, duwatsu su yawaita. In an wuce garin Paje, sai Jambiyani.

Ƙauyen dogo ne siriri. Unguwanni ne a jere bakin teku, ƙarƙashin itatuwan kwakwar attagara. Rairayin wurin fari ne fat, kamar garin rogo. Da dutse da farar ƙasa suke gina ɗaki. Rufin gargajiya na ganyen kwakwa ne da aka saƙa, amma yanzu kwano ya yawaita. A ƙofar gida akwai dakali, inda maza ke hira bayan sallar la'asar. Akwai masallatai, da makarantun Alƙur'ani, da lakkol.

Gona bisa dutse

Damina biyu suke samu a shekara. Babbar daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar wajen Nuwamba da Disamba. Ruwan saman da ke sauka birnin Zanzibar ya kusa ninki uku na wanda ke sauka Maraɗi. Duk da haka gabashin tsibirin ba wurin noma ne sosai ba. Ƙasar wurin dutsen murjani ce, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku suka gina tun zamanin da. Dutsen duk huda ne, kamar rariya. In an yi ruwa, nan da nan ya zurare ƙasa. Shi ya sa babu gulbi a wannan gefen.

Manomi yakan sare daji, ya tsince duwatsu, ya jera su kamar darni don kare gona daga awaki. Sa'an nan ya nemi ramukan da ƙasa ta taru cikinsu, ya shuka rogo, da dankali, da masara, da wake, da gwanda. Garma ba ta aiki a nan. Bayan shekara kaɗan gonar ta gaji, a bar ta ta huta, a sari wani wuri. Kiwo ma kaɗan ne: awaki, kaji, da ƴan shanu. Abin da gona ke bayarwa ba ya kai iyali ƙarshen shekara. Dole a juya wajen teku.

Teku mai tafiya da dawowa

Tekun Jambiyani ba ya zama wuri guda. Sau biyu a kwana yakan ja da baya, sau biyu ya dawo. In ya ja, sai a ga fili ya buɗe, fiye da kilomita guda, sai ƴan tabkuna nan da can. Wata ne ke jan ruwan, da ikon Allah. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ruwan yakan janye da nisa ƙwarai, kuma da hantsi yake yin haka. Waɗannan su ne kwanakin aiki. Yadda manomi ke duban gabas don hadari, haka mutumin Jambiyani ke lissafin kwanan wata. Wanda ya yi sakaci ruwa ya dawo ya iske shi nesa da gaɓa, ransa na cikin haɗari.

Maza masunta ne. Jirginsu sunansa ngalawa. Gungumen mangwaro ake fafewa, a ɗaura masa katako biyu dama da hagu don kada ya kife, a kafa masa babban ƙyalle wanda iska ke turawa. Suna kama kifi da koma, da ƙugiya, da wani irin kwando da suke nutsarwa. Mata kuwa sukan bi duwatsun cikin ruwa da tsinken ƙarfe ko sanda, suna farautar wata dabba mai hannuwa takwas da ake kira pweza. Ana cin ta, ana kuma saida ta.

Kwakwa ma ba a yar da komi nata. Ana shan ruwanta. Ana tatsar madararta a dafa shinkafa da kifi. Ɓawon kuwa mata ke binnewa cikin rairayin teku, su danne da duwatsu. Bayan watanni su tone shi ya yi laushi, su bubbuge da icce, su fidda zaren, su murza igiya bisa cinya. Igiyar nan ruwan gishiri ba ya saurin cin ta.

Gonar mata

A 1989 wani sabon abu ya shigo. Wasu kamfanoni suka kawo irin wata ciyawar teku daga ƙasar Filifin. Mutanen wurin na kiran ta mwani. A Paje da Jambiyani aka fara noman ta. Tun kafin nan wani malamin jami'ar Darussalam, Keto Mishigeni, ya daɗe yana cewa ciyawar nan za ta taimaki talakawan bakin teku.

Ga yadda ake noman. Mace takan kafa turaku biyu cikin rairayi, inda ruwa ke tsayawa iya gwiwa. Ta ɗaura igiyar roba tsakaninsu. Ta ɗaɗɗaura ƴan guntayen ciyawar a jikin igiyar. Haka za ta yi layi-layi, kamar kunya a gona. Ba taki, ba ban ruwa. Bayan kamar sati shida kowane guntu ya zama dami. Ta yanke, ta bar wani don iri, ta ɗauko sauran a ka zuwa gida. Ta shanya kwanaki a rana, ta zuba buhu, ta kai wurin awo.

Daga nan ciyawar ke tafiya ƙasashen waje, irin su Danmak, da Amurka, da Faransa, da Sin. Can ake fidda wani abu mai yauƙi daga cikinta, a sa cikin man goge haƙori, da kayan zaƙi, da magunguna.

Maza sun taɓa aikin da farko, amma yawancinsu suka koma su da aikin otel. Noman ya zama na mata. A duk Zanzibar masu noman mwani sun wuce dubu 20, kuma cikin kowane goma wajen takwas mata ne. Matar da a da sai ta jira abin da miji ya kawo, sai ga ta da kuɗinta a bakin zane. Da shi aka sayi tufafin yara da littattafan lakkol. Da shi aka gyara ɗakuna. Da shi aka yi adashi.

Aikin ba sauƙi. Mace takan yini a sunkuye cikin ruwan gishiri, rana na dukan ta. Ciwon baya da ciwon ido sun yi yawa. Cikin rairayi akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, in an taka ta sai jinya. Ɗanyar ciyawa nauyi gare ta, in ta bushe kuma ta koma ba auki. Ga kuma maganar farashi. Da farko kamfani ke ba da igiya, kuma shi za a saida wa, a kuɗin da ya yanka. Wanda ya noma gujiya ya kai ta sikeli ya san irin wannan ciniki.

Da ruwa ya yi zafi

Ciyawar iri biyu ce. Ɗaya ana ce mata kotoni, ita ce mai tsada. Ɗayar sipinosum, mai araha. Bayan shekara ta 2000 sai kotoni ta fara mutuwa a bakin gaɓa. Rassanta su yi fari, su ruɓe, su kakkarye. Masana suka duba, suka ga zafi ne. Duniya na ƙara ɗumi, kuma ruwa marar zurfi shi ke saurin yin zafi. Canjin yanayin da ke rikita damina a Sahel, shi ne ke kashe gonar matan Jambiyani. Mai araha kaɗai ta rage musu. Mata da yawa suka tuge turakunsu.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wata masaniya ƴar Tanzaniya, Dakta Fulawa Msuya, ta kafa wata ƙungiya a 2006. Ta koya wa mata kada su saida ciyawar haka nan duka. Su niƙa ta, su yi sabulu, da man shafawa, da garin da ake sa wa abinci. Abin da aka sarrafa ya fi wanda aka auna a buhu kuɗi nesa ba kusa ba. An kuma gwada kai gonar cikin ruwa mai zurfi, inda ya fi sanyi. Amma can sai da jirgi, kuma sai wadda ta iya iyo. Yawancin matan, ko da yake bakin teku aka haife su, ba a koya musu iyo ba. Sai ga manyan mata, uwayen ɗiya, suna koyon iyo.

A 2009 kuma wata ƙungiya mai suna Marinecultures ta fara gwada noman soso a Jambiyani. Soson teku ba irin na gona ba ne. Halitta ce mai rai da ke zaune cikin ruwa. Ana yanka shi gutsu-gutsu, a rataya a igiya, a riƙa wanke masa datti. Sai ya yi kamar shekara kafin a cire. Soso guda ya fi kilo da yawa na ciyawa kuɗi, don baƙi na sayen shi na wanka. Aikin bai kai ga mata da yawa ba, amma waɗanda suka riƙe shi sun ga amfaninsa.

Maganar ruwan sha

Ruwan saman da ya zurare cikin dutse bai ɓace ba. Yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa, yana kwance bisa ruwan gishiri, don ya fi shi rashin nauyi. Ana samun shi a rijiyoyi da cikin koguna na dutse, irin kogon Kuza da ke kusa da ƙauyen. Daga irin waɗannan koguna inji ke turo ruwa zuwa famfo. Amma ruwan daɗin nan yana da iyaka. In an ja shi fiye da kima, na gishiri ke tasowa. Rijiyar da gishiri ya shiga, da wuya ta gyaru.

Tun wajen 1990 baƙi ƴan yawon buɗe ido suka fara zuwa don farin rairayin nan. Aka gina otel-otel a bakin teku. Samari sun samu aiki, masunta sun samu kasuwa. Amma otel na shan ruwa ƙwarai: wanka, wanki, ban ruwan furanni, da tabkin iyo. Duk daga tulu guda ake ɗiba da talakawa. Wasu magidanta kuma sun saida filayensu na bakin gaɓa. Kuɗin ya ƙare, filin bai dawo ba, mata suka rasa wurin shanya.

A watan Disamba 2009 wayar lantarkin da ke zuwa tsibirin ta ƙarƙashin teku ta lalace. Unguja ta yi wata uku ba wuta, har Maris 2010. Injinan ruwa suka tsaya. Jama'a suka koma ga tsofaffin rijiyoyi da koguna, da guga da tulu. Unguwar da ta kula da rijiyarta ta samu sauƙi.

Abin lura

Gida guda a Jambiyani yakan haɗa sana'a huɗu ko biyar. Miji na su, yana ɗan noman rogo. Mata na da layinta na ciyawa, tana murza igiya, tana kiwon kaji. In ɗaya ta ƙi, ɗaya ta ba da. Da ciyawa mai tsada ta mutu, waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka haɗa kai cikin ƙungiya, suka koyi sabon aiki, suka sarrafa abinsu da hannunsu kafin su kai kasuwa.

Mai gona da mai garke su duba wannan. Kada a dogara ga shuka guda. Kada a yar da tsohuwar rijiya don an ga famfo. Kada a yi gaggawar saida gonar gado. A bar mata su yi sana'a su koyi karatu da lissafi, don a san abin da sikeli ya nuna ranar awo.

Allah ya ba da damina mai albarka, a tudu da bakin teku. Amin.