Ranar da waya ta ƙi hucewa a ajina

1. Jama'a, shekara shida ina koyar da kemistiri a wata sakandare nan yankin Ambursa. Duk shekara ɗalibaina suna haddace ma'anar katalis kamar karatun allo, su rubuta a WAEC, su manta. Ni kaina, wallahi, a littafi kawai na san shi.

2. Bana na ce sai sun gani da ido. Littafi ya ce a sa wayar platinam. Mu da bututun gwaji ma a ƙirge yake, ina za mu ga platinam? Sai na kwance wayar jan ƙarfe daga tsohuwar fanka, na naɗe ta a jikin biro.

3. Gwajin farko: na gasa waya ta yi ja, na rataya ta cikin kwalba a saman ruwan ammoniya. Nan take ta huce. Aji ya fashe da dariya. Ashe ammoniyar ta daɗe a sito, zafin Kabi ya tsiyaye ƙarfinta.

4. Na ji kunya ba kaɗan ba. Ranar Asabar na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na sayo sabuwa da kuɗin aljihuna.

5. Litinin muka buɗe tagogi saboda warin, na sa yara suka ja baya. Na gasa waya, na rataya, ban bari ta taɓa ruwan ba. Babu wuta a ƙasa, amma ta ci gaba da yin ja kamar garwashi. Aji ya yi tsit.

6. Wata yarinya daga baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce: "Malam, mi as sa ba ta huce ba?"

7. Na ce ammoniya da oksijin suna nan tare a kwalbar, amma ba sa haɗuwa da sauri sai a bayan ƙarfe mai zafi. Haɗuwarsu tana fitar da zafi, zafin ya riƙe wayar. Kamar dillali ne a kara: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, sai dai wannan ko la'ada ba ya karɓa.

8. Wannan dabara Wilhelm Ostwald na Jamus ya yi wa rajista a 1902, ya ci kyautar Nobel a 1909. A masana'anta ragar platinam ake sawa, a zafin da ya haura digiri 800, a samu asid ɗin naitirik na yin takin naitiret.

9. Yarinyar ta ce babanta manomin shinkafa ne a fadama. Na ce yuriyar da yake watsawa ma daga ammoniya aka yi ta, ta wata hanyar daban. Ta rubuta a bayan littafinta.

10. Don Allah kada wanda ya gwada a gida, ammoniya mai ƙarfi tana ƙona ido da huhu. Malamai 'yan uwana kuma, ku duba kwalbarku kafin ku tara yara.